Hannun Yaro da Sha'anin Imani: Nazari a Kan Tarbiyyar Makiyayi Mai Kyau

A shekarar 1910 Paparoma Pius na Goma ya fitar da wani hukunci wanda, ko da yake a zahirinsa bai wuce mas'alar shekaru ba, ya jawo wa malaman tarbiyya na ɗarikar Katolika wata tambaya da har yau ba su gama amsa ta ba. Kafin wannan lokaci al'ada ta gudana a ƙasashe da dama na Turai cewa ba a barin yaro ya karɓi jibi mai tsarki, wato gurasar da Fada yake keɓewa a lokacin Mas, sai ya kai shekara 12 ko ma 14, bisa hujjar cewa sai ya haddace aƙida ya kuma san ma'anarta. Paparoman ya mayar da abin zuwa shekarun tamyizi, wajen shekara 7, ya ce ya wadatar yaro ya iya bambance wannan gurasa da gurasar gida. To, da zarar an yarda cewa ɗan shekara 7 ya cancanci mafi girman ibadar Ikilisiya, ya zama wajibi a nemi hanyar da za a shirya shi, domin hanyar da ake da ita a lokacin an gina ta ne a kan harshe da ƙwaƙwalwar babba, aka gajarta ta don yara.

Wannan hanya ita ce katikisma ta tambaya da amsa. Malami ya karanta tambaya, yara su rera amsa da baki ɗaya, a maimaita har ta zauna daram. A Italiya akwai katikismar Pius na Goma ta 1912. A Amurka kuwa, bayan taron bishop-bishop da aka yi a Baltimore a 1884, wanda ya umarci kowace majami'a ta kafa makarantarta, an buga katikismar Baltimore a 1885, ita ce kuma ta mallaki azuzuwan firamare na Katolika na ƙasar har wajen shekara tamanin. Ba adalci ba ne a raina ta, gama ta fitar da al'umma masu sanin ƙa'idodin addininsu kalma da kalma, talakansu da attajiransu. Amma an gina ta a kan wani zato game da yaro, shi ne wanda Hausawa suka taƙaita da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato yaro abin sarrafawa ne, imani kuwa daga waje ake shigar masa da shi.

Cikin waɗanda suka ƙalubalanci wannan zato a aikace akwai wata likita, Maria Montessori, wadda aka haifa a 1870, ta gama karatun likitanci a Roma a 1896, ta kuma buɗe Gidan Yara na farko a unguwar matalauta ta San Lorenzo a watan Janairu na 1907. Abin da ta lura da shi a can, ta hanyar zura ido da haƙurin mai duba marar lafiya, shi ne cewa ƙaramin yaro, idan aka ba shi kayan aiki daidai girman hannunsa, aka nuna masa yadda ake amfani da su sau ɗaya cikin natsuwa, aka kuma ƙyale shi, yakan dulmuya cikin aikin, ya maimaita shi sau da yawa ba tare da an sa shi ba, ya tashi daga gare shi da fara'a da sakin jiki irin na wanda ya huta. Montessori 'yar Katolika ce, don haka ba ta daɗe ba ta tambayi kanta ko wannan natsuwa za ta iya zama ƙofar ibada. A Barsalona, tun daga wajen 1915, aka gwada abin: aka shirya wa yara ɗakin sujada daidai tsayinsu, da kujeru da hotuna da mazubin ruwa mai tsarki duk a inda hannunsu zai kai, har ma yaran suka shuka alkama da inabi a filin makaranta, suka girbe, aka yi gurasar jibi da alkamar da suka noma da hannunsu. Ta kuma ba da shawarar a keɓe wani ɗaki tsakanin aji da majami'a, ta sa masa sunan atiriyum, bisa farfajiyar da ke gaban majami'un zamanin farko. Bayanin wannan gwaji ya fito a littafi a 1929, amma ita kanta ba ta samu sukunin kai shi ƙarshe ba har ta rasu a Holan a 1952.

Shekara biyu bayan rasuwarta, a 1954, aikin ya faɗa hannun mata biyu a Roma. Ta farko, Sofia Cavalletti, masaniyar Ibrananci ce da Littafi Mai Tsarki, almajirar Eugenio Zolli, wanda ya taɓa zama babban malamin Yahudawan Roma. Ba ta da wata masaniya da koyar da yara, har ma ta yi ɗari-ɗari sa'ad da wata mata ta roƙe ta ta koya wa ɗanta addini. Da ta yarda, sai ta buɗe wa yaron littafin Farawa ta karanta masa kamar yadda za ta karanta wa babba, ta tarar ba ya son a tashi. Ta biyu, Gianna Gobbi, malamar Montessori ce wadda ta yi aiki da Montessori ɗin kanta. Ɗaya ta zo da nassi, ɗaya ta zo da sanin yaro, suka shafe kusan shekara hamsin suna aiki tare a ɗakunan gidan Cavalletti, har Gobbi ta rasu a 2002, Cavalletti kuma a 2011. Manhajar da ta fito daga hannunsu ita ake kira Tarbiyyar Makiyayi Mai Kyau, ita ce kuma a yau ake samu a makarantun firamare na Katolika da yawa, musamman a Amurka, inda ta shiga tun 1975.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin ɗakin atiriyum na wannan manhaja, domin dukan hujjar tana nan. Babu allo na bango, babu jerin bencina. Akwai kantoci gajeru, a kansu kaya na katako da yumɓu da ƙyalle: ƙaramin bagade da ƙoƙonsa da farantinsa da kyandirori, rigunan Fada ƙanana masu launukan lokutan shekarar ibada, kore da shunayya da fari da ja, taswirar ƙasar Falasɗinu wadda aka sassaƙa da tudu da kwari, yadda yaro zai bi Kogin Urdun da yatsa daga Tekun Galili, ya kafa alama a Nazarat da Baitalami da Urushalima, kusurwar baftisma da babban kyandir na Ista da farar riga da ruwa da mai, ƙaramin ɗakin jibin ƙarshe da manzanni kewaye da tebur. Akwai kuma ayyukan da ba a ambaci addini a cikinsu ba ko kaɗan, kamar zuba ruwa daga buta zuwa kofi ba tare da ya zube ba, da goge tagulla, da shirya furanni, da ɗaukar kujera ba tare da ƙara ba, waɗanda maƙasudinsu shi ne hannu ya ladabtu, jiki ya koyi sannu, kafin a danƙa masa abin da ake girmamawa.

Darasin da manhajar ta ci sunansa yana tafiya kamar haka. Katikis, wato malamar ɗakin, ta tara yara kaɗan a kan shimfiɗa, ta kunna kyandir, ta karanta misalin makiyayi daga babi na 10 na Linjilar Yahaya, daga nassin kansa, ba tare da ta sauƙaƙa lafazinsa ba. Sa'an nan ta fito da faifai kore mai shinge, da tumaki na katako, da siffar makiyayi, ta sake karantawa a hankali tana motsa su: makiyayin ya buɗe shinge, ya kira tumakin ɗaya bayan ɗaya, ya wuce gaba, su bi shi. Idan ta gama sai ta yi 'yan tambayoyi na tadabburi, irin waɗanda ba a neman amsarsu nan take, kamar ko su wane ne waɗannan tumaki da aka san kowannensu da sunansa. A nan ne ake gane wadda ta ƙware, domin ƙa'ida ita ce ba za ta faɗa musu cewa su ne tumakin ba. Za ta kame bakinta, ko da makonni za su shuɗe, har yaro ya gano da kansa. Bayan haka kayan su koma kan kanta, duk yaron da ya ga dama ya ɗauko su ya sake aikin shi kaɗai, sau nawa ya so. Haka ake yi da ƙwayar mastad, wadda ake ɗora wa yaro a tafin hannu ya dubi ƙanƙantarta. Haka da yisti, inda ake kwaɓa gari biyu, ɗaya da yisti ɗaya babu, a rufe, a dawo a ga bambanci. Haka da ɗigon ruwan da Fada yake ɗigawa cikin ƙoƙon ruwan inabi, wanda yaro yake ɗigawa da hannunsa ya ga ya ɓace a ciki, ba mai iya raba su kuma.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa hikimar wannan manhaja tana cikin tertibinta, wato ta gabatar da ɗanɗano a kan ta'arifi. Malaman tasawwufi sun daɗe da bambance ilimin da ake samu ta hanyar naƙali da wanda suke kira zauƙi, ilimin wanda ya ɗanɗana. Kuma ƙaramin yaro, wanda hankalinsa bai kai ga istidlali ba, ƙofar zauƙi ce kaɗai a buɗe gare shi, mabuɗinta kuwa hannu ne. Idan aka ce wa ɗan shekara huɗu Allah yana kula da shi, ya ji jumla, zai kuma iya maimaita ta; amma idan ya ɗauki tunkiyar katako da yatsunsa ya ajiye ta bayan makiyayi, ya maimaita haka yau da gobe cikin shiru, to ma'anar tana samun lokacin da za ta sauka, jumla kuwa ba ta ba da wannan lokaci, gama da an faɗe ta ta wuce. Aikin hannu a nan yana yi wa yaro abin da maimaita wuridi yake yi wa babba: yana tsayar da gaɓoɓi a kan abu ɗaya domin zuciya ta samu sarari. Saboda haka ne masu manhajar suke ƙin a kira kayan nan kayan wasa, suke kuma ƙin a ɗauke su a matsayin kayan taimakon malami wajen bayani, domin a wurinsu amfanin kayan yana farawa ne bayan malami ya yi shiru ya ja da baya.

Sai dai akwai wani kuskure da ya yawaita a bakin masu yabon wannan hanya, su ne masu cewa yaro ne yake zaɓar abin da zai koya. Lalle yaro yana zaɓar abin da zai ɗauko daga kanta, amma manya ne suka zaɓi abin da ke kan kantar, zaɓi kuwa mai tsauri. Cavalletti da Gobbi sun yi shekaru suna ƙera kaya suna jarrabawa, duk abin da suka ga bai kama zuciyar yara ba, ko ya kama ta da ɗoki na ɗan lokaci ba tare da natsuwa ba, sai su kawar da shi, ko da sun sha wahalar yin sa. Abin da ya rage kaɗan ne, dukansa kuma daga tushe biyu, Littafi Mai Tsarki da ibadar Mas, ba a cika shi da tatsuniyoyin wa'azi ko zane-zanen ban dariya ba. Ra'ayin Cavalletti, wanda ta shimfiɗa a littafinta na 1979 a kan ƙarfin addini da ke cikin yaro, shi ne cewa mafi ƙanƙantar yara su ne suka fi buƙatar mafi girman gaskiya, a ba su ita da kalmomi kaɗan. Ashe 'yancin yaro a ɗakin nan yana da haddi, wanda ya shata haddin kuwa malami ne mai zurfin sani. Duk makarantar da ta kwaikwayi 'yancin ta bar zurfin, za ta ƙare da ɗaki cike da katako.

An kasa manhajar mataki uku, daga shekara 3 zuwa 6, daga 6 zuwa 9, daga 9 zuwa 12. A mataki na farko ba a yi wa yaro maganar zunubi da azaba, ana barinsa ya more alaƙar ƙauna da kāriya, ba a kuma ambatar mutuwar Almasihu ba tare da tashinsa ba. A na biyu, sa'ad da hankalin halal da haram ya fara tsirowa, sai misalin itacen inabi da rassansa ya shigo, da dokoki, da shirin furta zunubi da karɓar jibin farko, da wani dogon zare da ake warwarewa a gaban yara domin su ga tsawon tarihin halitta da gajartar zamanin ɗan Adam a cikinsa. A na uku ake shiga tarihin annabawa da alaƙar Tsohon Alkawari da Sabo. Hujjar masu manhajar ita ce ɗa'ar da ta tsiro daga ƙauna ta fi wadda ta tsiro daga tsoro ƙarko.

Mai hankali zai iya kawo suka mai nauyi a nan, sukar kuwa tsohuwa ce, ta kuma zo daga Musulunci da Kiristanci duka. Imam Gazali, a cikin Ihya'u, ya tafi a kan cewa a fara ba yaro aƙida ya haddace ta tun yana ƙarami, ma'anarta za ta riƙa buɗe masa kaɗan-kaɗan yayin da yake girma, wato hadda, sa'an nan fahimta, sa'an nan sakankancewa. Paparoma John Paul na Biyu ma, a wasiƙarsa ta 1979 a kan koyar da addini, ya kāre matsayin hadda, ya yi gargaɗi kada a yi watsi da ita. Gargaɗin yana da dalili: bayan Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, an ajiye katikismar Baltimore a yawancin makarantun Amurka, aka maye gurbinta da littattafan da iyaye da bishop-bishop da dama suka koka cewa sun yi ruwa-ruwa, wannan koke kuwa yana cikin abubuwan da suka share fagen fitowar babbar katikismar Ikilisiya ta 1992. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa, ya kawo irin wannan gardama a kan karatun Alƙur'ani: ya ruwaito ra'ayin Alƙali Abubakar ɗan Arabi na a fara da harshe da lissafi kafin Alƙur'ani domin yaro ya fahimci abin da yake karantawa, ya yaba ra'ayin, amma ya ce al'ada ba ta karɓe shi ba, saboda neman albarka da kuma tsoron kada yaro ya girma ya kuɓuce kafin ya samu rabonsa. Wannan tsoro gaskiya ne. Abin da aka haddace yana zama ajiya ga ranar tsufa da ciwo da kaɗaici, lokacin da babu kanta, babu katikis.

Ni dai a ganina gardamar ba ta kai yadda ake kambama ta ba, domin yaron da ya ji nassin Linjila sau da yawa yana motsa tumaki yana haddace shi ba tare da an ce masa haddace ba, kuma makarantun da suka yi dace suna haɗa ɗakin atiriyum da darasin aji inda ake koyon addu'o'i da ƙa'idodi da ka. Abin da manhajar ta ƙi shi ne haddar da ake cusawa da tsawa, Ibn Khaldun ɗin nan kuwa shi ne ya rubuta cewa tsanantawa ga almajirai tana cutar da su, tana koya musu ƙarya da yaudara. Sukar da na fi ɗauka da muhimmanci wata ce daban: hujjojin Cavalletti sun dogara ne a kan abin da ita da almajiranta suka gani suka rubuta na maganganun yara da zane-zanensu, mai ƙaunar abu kuwa yakan fi lura da abin da ya gaskata zatonsa. Shaidarta shaidar mai gani ce, tana da daraja, amma ba ta ɗauke wa makarantu nauyin bin sawun yaran nan har girmansu ba. Mai karatu Musulmi kuma zai lura da wani haddi na dabam, shi ne cewa sassaƙa siffar annabi ko manzanni ba abin da shari'arsa za ta karɓa ba ne, don haka kayan ɗakin na Katolika ne, sun fito daga addinin da ya saba da siffa da alama. Abin da ya haɗa su da makarantar allo shi ne yarda da cewa hannu yana da rabo a karatun addini, gama almajirin da ya feƙe alƙalaminsa, ya dama tawadarsa, ya wanke allonsa ya sake rubutu, ba da harshe kaɗai ya yi karatu ba.

Babbar jarrabawar wannan manhaja tana zuwa ne a ranar da ta bar gidan Cavalletti ta shiga makarantar firamare mai ƙararrawa da jadawali da katin sakamako. Asalin zaman atiriyum wajen sa'a biyu ne a mako, domin yaro ba ya natsuwa da umarni, sai ya zaga, ya taɓa wannan ya bar wancan, kafin ya zauna a kan aikinsa. Jadawalin makaranta kuwa ya yanka yini gunduwa-gunduwa, sau da yawa sai a matse zaman ya koma tsawon darasi ɗaya, a tashi yara daidai lokacin da suka fara nitsewa. Asalin ɗakin yana haɗa yara masu shekaru uku mabambanta domin ƙarami ya koya daga babba, makaranta kuwa tana kawo aji guda na sa'o'in juna, masu yawa, a hannun malama ɗaya. Horon katikis na mataki ɗaya kaɗai yana cin wajen sa'a 90, ana kuma so ta ƙera yawancin kayan da hannunta, ta rubuta kundin darussanta da kanta, domin wadda ba ta yi tadabburi a kan misalin ba yayin da take goge katakon tunkiya ba za ta iya kame bakinta a gaban yara ba. Wannan kuwa lokaci ne da kuɗi, ga makarantun da yawancinsu da kuɗin iyaye da sadakar majami'a suke tafiya. Mafi wuya duka shi ne maki. Iyaye sun biya, suna so su ga lamba a kan takarda, alhali abin da ake nema a ɗakin nan ba ya aunuwa da jarrabawar ƙarshen zango, wanda ya matsa sai ya auna shi kuwa ya yi kama da manomin da ke tone iri kowace safiya ya ga ko ya tsiro. Shugaban makarantar da ya yi niyyar buɗe atiriyum, kafin ya sayi katako ko ya keɓe ɗaki, ya kamata ya fara zama da Fada da iyayen yara su daidaita a kan abu biyu: cewa za a bar wa zaman cikakken lokacinsa ko da wani darasi zai ragu, da cewa ba za a sa maki a kan abin da yaro ya yi a can ba, a bar jarrabawa ga darasin aji inda ake koyon addu'o'i da ƙa'idodin aƙida.